Kurmin da Kasuwa ta Cinye: Hawan Dala Kafin Hudowar Rana

Ga wanda bai samu kama tashar ba a makon jiya, ga taƙaitaccen abin da muka tattauna, har da ɗan ƙarin da lokaci bai ba mu damar faɗa ba.

Maganar ta taso ne daga wani hoto da ke yawo a WhatsApp, wataƙila kai ma ya shigo wayarka: wasu hasumiyoyi masu kama da tohon fure, sama ta yi jajir a bayansu, inuwarsu kwance cikin ruwa. Masu sauraro da dama sun tambaya ko ina ne wannan, wani kuma daga Etudi ya ƙara da tambayar da ta fi daɗi: shin mu Hausawa muna da irin wannan wuri, tsohon wurin bauta a cikin kurmi, wanda mutum zai yi sammako ya je ya gani? Amsar ita ce muna da shi. Da yawa daga cikinku ma kun sha sarin kaya a kansa ba ku sani ba. Amma bari mu fara da hoton.

Sunan wurin Angkor Wat, a ƙasar Kambodiya, kusa da garin Siem Reap. Wani sarki mai suna Suryavarman na Biyu, wanda ya hau mulki a 1113, shi ya gina shi domin Vishnu, ɗaya daga cikin abubuwan bautar addinin Hindu, daga baya kuma ya koma hannun mabiya Buda. Faɗin harabarsa ya haura hekta 160, wato ka jera filin ƙwallo sama da 200. An haƙa wani makeken ruwa ya kewaye shi, faɗinsa kusan mita 190. Hasumiyoyin biyar ne, ta tsakiya ta kai mita 65. Kuma shi ɗaya ne kawai daga cikin ɗaruruwan gine-gine da ke warwatse a dajin Angkor, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1992. Mutanen Kambodiya har a tutarsu suka sa hotonsa.

To me ya sa kowa sai da asuba? Dalili na farko gini ne. Yawancin haikalan Angkor gabas suke kallo, shi kuwa wannan yamma ya fuskanta. Saboda haka in ka shigo ta babbar ƙofa, fuskarka na gabas, rana kuma ta bayan hasumiyoyin za ta ɓullo. Sau biyu a shekara, cikin Maris da Satumba, lokacin da dare da yini suke daidaita, ranar tana fitowa ne saitin ƙoƙon hasumiyar tsakiya. Dalili na biyu zafi ne, domin Siem Reap da Kano kusan layi ɗaya suke a taswira, ka san kuwa yadda hantsin Kano yake. Ana buɗe wurin tun ƙarfe biyar, mutane su yi ta laluben hanya da fitilar waya, su cunkushe bakin wani kududdufi suna jiran minti goman da hoton zai fito. Abin da hoton ba ya nuna maka shi ne dubban mutanen da ke bayan mai ɗauka. Suna gabanmu da awa shida, don haka a lokacin da suke wannan turereniya, mu nan Yawunde sha biyun dare ne, masu soya na Briketeri ba su ma kashe wuta ba.

Yanzu riƙe shekarar nan ta 1113, mu dawo gida. A lissafin da aka saba bi na sarakunan Kano, Sarki Gijimasu ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne kuma ya fara gina ganuwar Kano. Ka ga ke nan, a daidai shekarun da ake sassaƙa duwatsun Angkor Wat, a nan ana kwaɓa ƙasa ana ɗora badala. Kuma a cikin wannan ganuwa akwai dutse, akwai kurmi, akwai wurin bautar da ya girme ta nesa ba kusa ba.

Dutsen shi ne Dala. Masu binciken ƙasa sun tono ragowar maƙera a gindinsa, gwaji ya nuna ana narkar da tama a wurin tun wajen ƙarni na 7. Ƙarfe ne ya fara tara mutane a can. Labarin abin da suke bauta wa kuwa yana cikin littafin nan da ake kira Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, Bature H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, akwai shi kuma da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Littafin ya ce wani mutum mai suna Dala ne ya zo ya gina gida a kan dutsen, sunansa ya bi wurin. Cikin zuriyarsa aka sami Barbushe, ƙaƙƙarfan maharbi da aka ce da sanda yake kashe giwa, shi ne kuma ya gaji sirrin bautar Tsumburbura.

Ga yadda littafin ya siffanta wurin. Wata itaciya ce ana kiranta Shamus, an kewaye ta da katanga, ba mai shiga sai Barbushe shi kaɗai. Ba ya saukowa daga kan Dala sai sau biyu a shekara. In lokacin ya gabato, mutane su taho daga kowace kusurwa, maza da mata, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru, su taru a gindin dutsen da almuru. In duhu ya yi, Barbushe ya fito da makaɗansa, a yi yanka, ya shige cikin katangar. Jama'a su yi ta kewaya wurin dare guda cur. Sai gari ya waye sannan ya fito ya gaya musu abin da shekara za ta zo da shi, alheri ko akasinsa.

Ka lura da wannan, mai karatu. Ashe tsayuwar jiran wayewar gari a gindin Dala tsohuwar al'ada ce. Mutanen Barbushe ba hoto suke jira ba, labarin damina da yaƙi da annoba suke jira. A irin wannan safiya ce, in ji littafin, ya shaida musu cewa wani baƙo zai zo ya mallake ƙasar, wata rana kuma za a sare itaciyar a gina masallaci. Baƙon shi ne Bagauda, wanda ake lissafa farkon sarautarsa daga 999.

Kurmin fa? Ƙasa da dutsen akwai wani ruwa da ake kira Jakara, duhuwar itatuwa ta lulluɓe shi, ana ce da wurin Kurmin Baƙin Ruwa saboda launin ruwan. A tsakiyarsa akwai tsibiri. An ce itatuwan ba sa motsi sai in wata masifa na tafe, sai a ji ƙara sau uku, hayaƙi ya tashi daga tsibirin, sai a nemi mai kula da wurin a yi yanka. Mu da ke zaune a Yawunde ba sai an yi mana dogon bayanin kurmi ba. Ka fita bayan gari kaɗan ta hanyar Mbalmayo ka shiga ƙarƙashin manyan itatuwan nan inda rana ba ta taɓa ƙasa, ka ji yadda jikinka zai yi. Na Kano bai kai wannan girma ba, duhuwa ce ta bakin rafi, amma ga mutumin da ya saba da fili fetal, ta isa ta sa masa kwarjini.

A nan sai an yi hattara da littafin. An haɗa shi ne a ƙarshen ƙarni na 19, ɗaruruwan shekaru bayan Barbushe, kuma marubucin Musulmi ne da ke kallon abin da idon zamaninsa. Shi ya sa ya kira ranaku biyun nan da sunan Idi, alhali a lokacin babu Idi a Kano. Shekarun da na ke kawo muku ma Palmer ne ya fitar da su ta hanyar lissafa tsawon mulkin kowane sarki da baya-baya. Giwar da ake kashewa da sanda, wannan ka san gishirin labari ne. Amma dutsen yana nan, ragowar maƙeran an gani da ido, sunayen wuraren kuma har gobe ana kiransu.

Kurmin bai mutu rana ɗaya ba, an daɗe ana kokawa. Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, shi ya fara karya masu bautar ya rushe katangar. A zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci, aka gina masallaci a gindin itaciyar. Duk da haka, da yaƙin Zazzau ya yi wa Sarki Kanajeji tsanani, wajen 1400, wurin Sarkin Tsibiri ya koma neman sa'a. Sai a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, lokacin da Shehu Magili ya sauka a Kano, aka sare itaciyar aka tsayar da hasumiya a gurbinta, aka gina masallacin Juma'a. Daga Tsamiya zuwa Rumfa ka lissafa, an haura shekara 150. Rumfan nan dai shi ne ya gina Gidan Rumfa, fadar da sarakunan Kano ke ciki har yau, ya faɗaɗa ganuwa, ya kuma kafa kasuwa a bakin Jakara.

Sunan kasuwar? Kurmi. To ka ji. Alhajin da ke tashi daga Briketeri, ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, ya bi ta Garwa da Yola har Kano don ya saro turare da huluna da kayan fata da littattafan addini a Kasuwar Kurmi, a cikin tsohon kurmin nan yake ciniki. Itatuwa sun tafi, suna ya zauna. Abin ma da ban dariya: mutanen Kano mu suke kira mazauna kurmi, alhali su ne ke da Kurmin a tsakiyar birni.

Tambayar da ta biyo baya a shirin ita ce, me ya sa na Kambodiya ya tsaya ana kallo, namu ya ɓace? Abu biyu ne. Na farko kayan gini. Mutanen Angkor da dutse suka gina wa abin bautarsu, marmara a ciki, dutsen yashi mai sassaƙuwa a waje. Gidajensu kuwa, har fadar sarki, na katako ne, kuma ko ɗaya bai rage ba. Wurin bautar Dala itaciya ce da katanga, gatari ɗaya da 'yan damuna sun ishe shi. Na biyu, wanda a ganina ya fi nauyi, Angkor barinsa aka yi. Wajen 1431, bayan harin mutanen Ayutthaya na ƙasar da yau ake kira Tailan, sarauta ta ƙaura kudu, birnin ya zama kufai, daji ya rufe. Angkor Wat kansa masu ibadar Buda ba su taɓa barinsa gaba ɗaya ba, amma sauran gine-ginen itatuwa dangin rimi da ceɗiya suka hau kansu, kamar yadda ake gani a haikalin Ta Prohm inda saiwa ta rungume bango. Da wani Bafaranshe, Henri Mouhot, ya je a 1860, rubutunsa ya bazu a Turai, sai aka riƙa cewa ya gano wurin, ko da yake mutanen yankin ba su taɓa ɓatar da shi ba. A 2012 aka bi ta saman dajin da jirgi mai saukar ungulu ɗauke da na'urar da ke harba haske ta auna ƙasa, sai ga tituna da magudanan ruwa da unguwanni kwance ƙarƙashin itatuwa.

Kano kuwa ba a taɓa barinta ba. Can daji ya cinye birni, nan birni ya cinye daji. Ni dai ban ga abin baƙin ciki a wannan ba, gari mai rai ya fi kufai mai kyau. Sai dai yana nufin wanda ya je Dala ba zai tarar da abin da zai ɗauke masa ido nan take ba. Sai ya tafi da labarin a kansa, in ba haka ba tudu kawai zai gani ya sauko yana tsaki.

Saboda haka ga yadda ake yi. Dala yana arewa maso yammacin tsohon birni, gidaje sun kewaye shi ta ko'ina. Tsayinsa mita 534 ne daga doron teku, wato ma bai kai tudun da Yawunde take kai ba, tunda mu mun haura mita 700, balle a yi maganar Dutsen Febe. Wanda ya saba hawan tudun unguwanninmu da ƙafa, wannan ba komai ba ne, akwai matakala, 'yan mintoci ka kai. Amma da yake ƙasar Kano shimfiɗaɗɗiya ce, ɗan tudun nan ya isa ya ba ka birni duka a tafin hannu. Agogonmu ɗaya da Kano, sai dai fitowar ranarsu tana motsi fiye da tamu: wajen shida da 'yan mintoci a watan Yuni, kusan bakwai saura minti goma a Janairu. Ka idar da sallar asuba, ka ɗan jira duhu ya fara washewa, sannan ka hau. Kada ka tafi kai kaɗai, ka nemi ɗan gari, mai masaukinka ko yaron shagon da kake saro kaya. Ka yi sallama ga dattawan da za ka tarar a gindin dutsen, domin unguwa ce ta mutane. Lokaci mafi kyau shi ne Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, sama ta wanku. In ka bari sai tsakiyar hunturu, hazo zai mayar maka da rana kamar faranti, ba za ka hangi ko Gwauron Dutse da kyau ba.

Amfanin sammakon ba sanyi kaɗai ba ne. Da tsakar rana haske daga sama yake dukan komai, rufin kwano da ƙasa da bango duk su zama launi ɗaya. Da sassafe kuwa hasken a kwance yake zuwa, kowane tudu da kwari sai ya yi inuwa. A lokacin ne za ka iya bin layin badala da ido, inda ta rage da inda ta yanke. Ka juya kudu maso gabas, ka nemi cunkoson rumfunan Kurmi, gaba da su koriyar ƙubbar babban masallaci da Gidan Rumfa. Kwarin da ya ratsa ta wajen kasuwar, shi ne Jakara. Yau magudanar ruwan birni ce, an ma rufe wani sashenta da kankare an shimfiɗa titi a kai. Ka tsaya ka cire rufin kwanon nan a zuciyarka, ka mayar da itatuwa, ka ga tazarar da ke tsakanin gidan Barbushe da kurminsa. A wajen yamma ga Gwauron Dutse, abokin Dala. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851 kafin ya wuce Yola a shekarar, daga kan Dala aka zana hoton birnin da ke cikin littafinsa, da gidajen ƙasa da itatuwan dabino da sarari mai yawa a cikin ganuwa. In ka samu hoton a intanet ka riƙe shi a waya, ka gwada da abin da ke gabanka. In ka sauko, kasuwa ba ta gama buɗewa ba tukuna, sai ka karya kumallo ka wuce Gidan Makama, gidan tarihin da ke kusa da fada, inda aka ajiye tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari.

Wata baiwar Allah ta bugo waya ta ce, anya ya dace Musulmi ya je inda aka yi bautar gunki? Hajiya, fatawa ta malamai ce, ba ta mai gabatar da shiri ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, babu Shamus, babu katanga, babu mai yanka a wurin yau, masallatai ne suka kewaye dutsen, kiran sallarsu ne ma zai raka ki hawa. Kuma labarin Barbushe da muke bayarwa, malaman Kano ne suka rubuta shi suka adana, ba su ga ya kamata a binne shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne halin da wurin ke ciki. Tun 2007 Nijeriya ta sa ganuwar Kano da Dala da Kasuwar Kurmi da fadar sarki cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su, har yau maganar ba ta wuce nan ba. A halin da ake ciki, an ɗebi ƙasar badala an yi bulo, an yanka filaye a kanta, gine-gine sun matso har jikin Dala, zaizaya na cin gefensa, ga shara. Kambodiya kuwa dala 37 take karɓa a hannun kowane baƙo don tikitin yini ɗaya, kuma a 2019 baƙin sun haura miliyan biyu. Ba cewa na ke Dala zai tara irin wannan ba, kowa ya san abin kallon ba ɗaya ba ne. Amma tsintsiya da fitila da mai gadi da allon bayani ba sai UNESCO ta zo ba.

Mu ma a nan Kamaru muna da namu kufan. A watan Yulin 2025 UNESCO ta amince da Diy-Gid-Biy, wasu gine-ginen dutse da aka jera ba tare da kwaɓi ba a kan duwatsun Mandara, a yankin Mayo-Tsanaga na Arewa Mai Nisa. Wurare 16 ne a ƙauyuka bakwai, an gina su tsakanin ƙarni na 12 da na 17, sunan kuma da harshen Mafa yana nufin kufan gidan sarki. A ɗaya gefen duwatsun, cikin ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, akwai Sukur, wuri na farko a Nijeriya da ya shiga wannan jeri, a 1999, da fadar Hidi da hanyoyin dutse da ke hawa zuwa gare ta. 'Yan Boko Haram sun kai masa hari a ƙarshen 2014 sun yi ƙone-ƙone. Waɗannan biyun ba wuraren da za a yi wa sammako kai tsaye ba ne a yanzu, duk mai niyya sai ya fara tambayar hukuma da mutanen yankin halin da hanya ke ciki. Su za mu ɗauka a shiri na gaba in Allah ya kai mu, kuma muna son jin muryar masu sauraronmu na Mokolo da Koza da Madagali, musamman wanda kakanninsa suka ba shi labarin waɗanda suka jera duwatsun.